Gurbina a Tabarmar Ciyayya

Mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Ni ne ɗan farinsa, kuma a gidajenmu na Gumel a wancan zamani uba ba ya kama sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa ko a bayan idonsa. Idan yana nemana sai ya ce da ƙanena, "Ina wancan?" Da na gama jami'a na dawo gida na kama koyar da kimiyya a makarantar sakandare, sai na samu ƙarin girma, na tashi daga "wancan" na koma "malamin makarantar nan". Ko ina tsugune a gabansa, haka zai dubi bangon zaure ya ce, "A gaya wa malamin makarantar nan gobe Alhamis." Ni kuma in amsa wa bangon da "To."

Alhamis ranar kasuwar Maigatari ce. Tun da Baba ya bar aikin En'e idonsa ya fara rauni, amma bai yarda kasuwar nan ta ci babu shi ba. Ba ya sayen komai. Zagayawa yake yi, ya taɓa kanwar da mutanen Damagaram suka sauke, ya tambayi kuɗin raƙumin da ba shi da niyyar saya, ya raina farashin, mu juyo gida. Ni nake kai shi a babur ɗina. Yakan zauna can ƙarshen kujera ya riƙe ƙarfen ɗora kaya na baya da hannu biyu, ya bar fili a tsakaninmu wanda ɗan akuya zai kwanta a ciki. Hanyar yashi ce, babur yana rawa, amma Baba ya gwammace ya faɗi da ya dafa kafaɗata.

Bayan babur ina da wasu ayyuka biyu a gidan. Ni nake kamo tasha a rediyon Baba, wata tsohuwar akwati mai taurin kai da ba ta jin hannun kowa sai nawa. Ni ne kuma mai raba gardama a wurin ciyayya. In aka yi musu a kan ko Makka ta fi Legas nisa, ko kuwa da gaske Turawa sun taka wata, sai a juyo a ce a tambayi mai boko. Ina jin daɗin wannan muƙami ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ciyayyarmu a ƙofar gidanmu ake yin ta bayan sallar magariba. Kowane gida a fito da kwanon tuwo da na miya, a haɗa a ci tare. Tabarma biyu ake shimfiɗawa, ta manya a jikin bango, ta samari a gefenta. Ta manya mutum uku ne a kai: Baba, da wani tela maƙwabcinmu, da Baffa. Baffa Bafulatani ne daga wajen Sule Tankarkar, aminin Baba tun suna samari. Da farin nan na farkon shekarun saba'in ya cinye masa yawancin shanunsa sai ya dawo unguwarmu ya kama dillancin dabbobi. Mu Mangawa ne, akwai wasa tsakaninmu da Fulani, saboda haka shi kaɗai ne a duniya yake iya ce wa Baba "kai Bamange, ba ka da wayo" a zauna lafiya. Baba ya rama da cewa Bafulatani bai san daɗin tuwo ba sai da ya shigo gari.

Wurin zamana a tabarmar samari shi ne bakin da ke kusa da ta manya. Baba yana da wata ɗabi'a. In ya kusa ƙoshi sai ya rage loma biyu da tsokar nama a kwanonsa, ya tura shi da bayan hannu wajen tabarmarmu, idonsa na kan Baffa, yana ci gaba da magana. Kullum kwanon a gwiwata yake tsayawa. Na ɗauka don ni ne a baki, kuma ban taɓa ganin dalilin tsawaita tunani a kan tsokar da ta riga ta zo hannu ba.

Ana nan sai wani malamina na jami'a ya samo mini gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, na 'yan shekaru, a kan abin da na fara a hannunsa. Ya ce in ba na can kafin kaka ta wuce za a ba wani. Ina son tafiyar nan kamar raina. Amma ba zan taka ko'ina ba sai da yardar Baba, wannan ba abin tattaunawa ba ne a wurina. Kuma ɗan fari ba ya tunkarar ubansa da irin wannan magana, don haka na bi ta hannun Baffa, na kai masa goro, na yi masa bayani. Ya karɓe goron ya ce zai gani.

Washegari a wurin ciyayya, bayan an wanke hannu, Baba ya dubi bango ya ce, "A tambayi malamin makarantar nan, wane abu ne za a je koyowa a bayan teku wanda babu shi a Kano?"

Ga abin a taƙaice, yadda ya kamata in faɗa musu tun farko. Kowane abu da ka sani, gishiri ne, ko kanwa, ko 'yar tsakuwar nan da ke aiki a cikin rediyo, cike yake da wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Tambayarmu ita ce, ƙarfi nawa ake bukata a fizge ƙwaya ɗaya daga cikin abin, kuma me ke faruwa in an cusa wata. Daga amsar nan ake sanin ko abu zai bar lantarki ya ratsa shi, da launin da zai yi, da ko zai yi amfani a rediyo. Lissafi mai sauƙi yana ɗauka cewa in ka cire ƙwaya ɗaya sauran za su tsaya cik a inda suke. Sai a je ɗakin gwaji a auna, a tarar lissafin ya zarce. Dalili kuwa sauran ba sa tsayawa. Ƙwayoyin nan ba sa shiri da juna, kowacce na ture 'yar'uwarta. Da zarar ɗaya ta fita ta bar gurbi, na kusa su ɗan matso, na bayansu su gyara zama, kuma wannan gyaran zaman yana rage ƙarfin da cirewar za ta ci. Haka in baƙuwa ta shigo, sai a dare mata, ta riƙa yawo da ɗan fili kewaye da ita. Wahalar ita ce motsin kowacce ya dogara da motsin duk sauran, ga su kuma da yawan da ba ya ƙirguwa. Gyaran da ake yi wa lissafi saboda wannan cunkoso shi nake so in je in koyo.

A ranar kuwa ba haka na faɗa ba. Na gyara murya na zubo musu karatu irin na aji, rabi Hausa rabi Turanci, ina zane a ƙasa da tsinke. Tela ya saurara da ladabi har na kai aya, sannan ya tambaya ko in na dawo zan jawo wa unguwarmu wutar lantarki, don idonsa ya gaji da zura zare a gaban fitila. Na ce ba wannan ba ne. Baffa ya ce, "To su waɗannan ƙwayoyin, ka taɓa ganinsu?" Na ce ba a ganinsu. Ya ce, "Wa ya ƙirga su?" Na ce ba a ƙirga su ɗaya-ɗaya. Ya juya wajen Baba ya ce, "Bamange, ɗanka zai tafi kiwon dabbar da ba a gani, ba a ƙirgawa. Ko ni da fari ya gama da ni na fi shi garke."

Samari suka fashe da dariya, har da ƙanena, wanda na ƙudurta zan yi maganinsa daga baya. Raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi tun ina yaro, kuma ba abin da ke tunzura ni kamar a yi dariya a tsakiyar bayanina.

Allah ya taimake ni, a daidai lokacin tela ya miƙe ya tafi ɗauko butarsa. Bai kai ƙofar gidansa ba Baffa ya miƙe ƙafafu a inda ya tashi, Baba kuma ya ɗan gusa ya sami wurin jingina mai kyau. Na yi wuf na ce, "Yauwa, Baffa, tsaya yadda kake. Da an tambaye ni kafin tela ya tashi, sai in ce zai bar fili daidai faɗin mutum guda. Ina filin yake yanzu? Kai ka ci rabi, an ci wani daga can, abin da ya saura ko yaro ba zai zauna ba. To haka ƙwayoyin nan suke yi."

Baffa ya dubi ƙafafunsa, ya dube ni. Ya ce, "Wato abin da za ka haye teku ka koyo shi ne in mutum ya tashi na kusa da shi yana miƙe ƙafa."

Na ce, "Kowa ya san ana miƙewa. Abin da ba a sani ba shi ne nawa za a miƙe, kuma a faɗa tun kafin mutumin ya tashi. Sannan a zo a auna a ga ko an faɗi daidai. Lissafi ba ya zama gaskiya a wurinmu sai an auna."

Tela ya dawo ya tsaya yana neman wurinsa, Baffa ya janye ƙafa yana gunaguni. Can sai Baba ya ce, "Ashe ana aunawa." Sannan ya ci gaba, yana magana da bango kamar kullum. "Ni ma na yi nawa lissafin. In malamin makarantar nan ya tafi, babu Maigatari, babu labarun duniya, gardama kuma sai ta kai mu gaban alƙali. Lissafina ya ce ba za a iya ba. Amma ga shi an ce irin wannan lissafin yakan zarce. To a auna. Makaranta tana hutu. Ya tafi Gagarawa wurin goggonsa, kada a gan shi a nan sai an ga sabon wata. In gida ya zauna daidai, ya tafi karatunsa. In bai zauna ba, ya haƙura."

Baffa ya yi dariya har da buga cinya. Ni kuwa da hannuna na miƙa sandar da aka doke ni da ita. Baba ya turo kwano da bayan hannu, na cinye tsokar ba tare da na ji ɗanɗanonta ba.

Goggona ƙanwar Baba ce, tana aure a Gagarawa kusa da tashar jirgin ƙasa. Ita babu ruwanta da kunyar ɗan fari, tun da ba ita ta haife ni ba. Sunana take kira gatsau tun daga soro, ta haɗa da na tsokana. Da na gaya mata abin da ya kawo ni ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane, ta ce wannan aikin yayanta ne sak. Sannan ta miƙo mini fartanya ta ce tun da an cire ni daga can, sai a cusa ni a gonar gyaɗarta, a ga ko ciyawa za ta dare mini.

Zaman nan ya wahalar da ni, kuma ba noman ne ya wahalar da ni ba. Ban san abin da zan roƙa ba in na idar da salla. In na ce Allah ya sa gida ya zauna lafiya babu ni, to na roƙi a gane ba ni da wani amfani ke nan. In na ce Allah ya sa su rasa yadda za su yi, na roƙa wa kaina zaman Gumel har tsufa. Sai na riƙa cewa Allah ya zaɓa mafi alheri, ina faɗa ina leƙen zuciyata, ita kuma tana son duka biyun.

Kowace motar da ta taso daga Gumel sai na je bakin hanya na tare ta. In tambayi direba ko yaran mota ko fasinja, "Yaya garin?" Su ce lafiya lau. In ce, "Unguwarmu fa, ba a ji wani abu ba?" Su ce ba a ji komai ba. Wata rana wani mai sayar da fatu ya ce mini ai ya ga Baba a Maigatari ranar Alhamis yana raina kuɗin raƙumi. Na tambaye shi ko ya tabbata Baba ne. Ya ce har sun gaisa. Na dawo gida ina huci, goggo ta dube ni ta ce, "Kai wai me kake so ka ji ne? An ce maka tsohonka na nan garau, ka shigo kamar an yi maka sata."

Da yamma muna zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗar iri da ta rage mata, jirgin Nguru ya wuce yana girgiza randuna, sai ta ce in sake yi mata bayanin ƙwayoyin nan, amma da Hausa. Na yi mata, wannan karon a hankali. Ta ce, "To in sun gama matsowa, shi ke nan gurbin ya toshe?"

Na ce a'a. Gurbin ba ya toshewa, tun da dai an rasa ƙwaya guda kuma ba a mayar da ita ba. Rarraba shi ake yi, kowa ya ɗauki kaɗan, har ya zama in ka duba wuri ɗaya ba ka ganinsa sosai. Yana ma iya tashi daga nan ya koma can, shi ya sa muke lissafa shi kamar wani abu mai zaman kansa. Kuma yana nan yana jan ƙwayar da ta fita, sai dai jan ya ragu saboda jama'ar da ta shiga tsakani.

Goggo ta ce, "To," ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Da aka ga wata na hau motar farko. Na isa Gumel da la'asar, na shiga unguwa ina dube-dube ko zan ga alamar ɓarna. Bangon gidanmu na nan a tsaye. Babur ɗina na jingine a zaure, an wanke shi, wanda ni ban cika yi ba, sai dai madubi ɗaya ya karkace. Na shiga na gai da Inna, ta amsa tana tankaɗe, ta ce in ɗauke ƙafata daga kan faifanta.

Da aka fito ciyayya na nufi wurina, na tarar da ƙanena zaune a kai daram, ya naɗe ƙafa. Na kusa da shi ya matso, na gaba ma ya matso, kowa ya samu ƙarin sarari, har wani ɗan maƙwabta da da can a tsugune yake ci yanzu ya samu gindin zama. Filin da ya saura yana can ƙarshen tabarma wajen kwata. Nan na zauna, rabina a tabarma rabina a ƙasa.

Lokacin labarai ya yi aka fito da rediyo. Na fara gyara zama don in tashi, sai na ga Baffa ya jawo ta gabansa, ya murɗa, ta yi shiii, ya ɗaga hannu ya sharara mata mari a gefe. Nan take ta kama magana tiryan-tiryan. Shekara da shekaru ina lallaɓa akwatin nan da ilimin jami'a. Bayan labarai tela da Baffa suka fara musu a kan ko ruwan teku yana ƙarewa. Na yi gyaran murya. Ba wanda ya juyo. Suka ja, suka ja, har tela ya ce, "To, Allah ne masani," Baffa ya ce, "Shi ne kuwa," suka koma maganar farashin gero.

Ina satar kallon kwanon Baba. Ya ci, ya ci, ya kai kan lomar ƙarshe, ya cinye ta, ya tauna tsokar a hankali da sauran haƙoransa, ya kife murfi. Sannan ya wanke hannu ya dubi bango.

"A gaya wa malamin makarantar nan an auna. Lissafina ya zarce. Ya shirya ya tafi, Allah ya ba da sa'a."

Aka yi ta yi mini barka. Na samu abin da nake nema, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Na yi godiya ta hannun Baffa kamar yadda aka saba, na tashi na kakkaɓe ƙasar da ta manne mini a riga. Har na kwanta ina jin haushin kowa, musamman rediyon.

Ranar tafiya Baba bai raka ni ba, dama ba a sa ran zai yi. Na tsuguna a zaure, ya yi addu'a yana kallon bango, na shafa. Inna ta ce in riƙa rufe ƙirjina don an ce can akwai sanyi, ta juya ta shige ɗaki da sauri. Baffa ne ya ce zai kai ni tashar Gagarawa in hau jirgin Kano, wai dama yana da wata saniya da zai duba a can. Ya riƙo wani ƙulli a tsumma, na ɗauka guzurinsa ne.

Jirgi ya yi latti kamar yadda ya saba. Muka zauna a inuwar wata bishiyar maina, rana na dukan ƙarfen dogo. Goggo ta zo ta yi mini sallama ta koma. Baffa ya ɓare goro ya ba ni rabi, ya daɗe yana taunawa, sannan ya ce, "Malam, a wurinku in mai awo ya sa hannu a cikin awon, yaya ake kiran abin?"

Na ce maguɗi.

Ya ce, "To Bamange ya yi maguɗi."

Na juyo na dube shi. Ya ce ranar da na tafi, da aka shimfiɗa tabarma, ba wanda ya zauna a wurina. Samari suka zauna yadda suka saba, suka bar filin a buɗe. Washegari ma haka. A rana ta uku Baba ya ce da ƙanena ya matsa. Ƙanena ya ce ai wurin yayansa ne. Baba ya daka masa tsawar da har tela ya ƙware, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya yana cewa kai matsa nan, kai koma can, har sai da ya ga tabarma ta cika. Shi ya aika aka kira ɗan maƙwabtan nan ya cike ƙarshe.

"Rediyo kuwa," in ji Baffa, "kwana da kwanaki ba mu ji komai ba sai shiii. Shi ya ce in mare ta, in ta mutu ta mutu. Gardama kuma ya ce duk wanda ya kuskura ya ce bari mai boko ya dawo, ya ɗauki kwanonsa ya koma gidansa. Maigatari fa, ka san tuƙin ƙanenka. Sun sha ƙasa a yashin nan har ba sau ɗaya ba. Gwiwar Bamange ta kumbura kamar tulu, ni nake gasa masa a ɗakina don kada uwarku ta gani. Alhamis na zagayowa ya ce a fito da babur."

Na ce, "Kwanon fa? Ai a gabana ya cinye."

Baffa ya tofar da goro. Ya ce, "A gabanka ke nan. Da ba ka nan, kullum sai ya rage. Yana cikin magana hannun ya tura kwanon, ya kai rabin hanya, ya tuna, ya jawo shi. Sai ya turo mini. Ni na riƙa cinye naman nan don kada yara su lura, ga shi miyar gidanku yaji kamar masifa. Ranar da ka dawo tun da rana yake ce mini, yau in ka ga hannuna ya motsa ka taka mini ƙafa."

A cikin gishiri da kanwa ba wanda yake ce wa ƙwayoyi su matsa, da kansu suke yi. Ban taɓa kawowa a raina cewa a ƙofar gidanmu sai da aka yi tsawa ba. Kunya ta kama ni, da tausayi, da wani irin daɗi da ban san inda zan ajiye shi ba. Na ce, "Baffa, ai awon ya ɓaci ke nan. Sharaɗin bai cika ba. Komawa zan yi."

Ya ce, "Koma mana. Ka je ka tsaya a gaban mutane ka ce ka gano ubanka yana kewarka. Ka ga ko zai ƙara fitowa ƙofar gida." Ya gyara hularsa. "Mutum ya sha ƙasa saboda kai, ya ci naman da haƙoransa ba sa iyawa, kai kuma ka ce za ka mayar masa da kayansa. Ni ban gaya maka don ka koma ba. Na ga ka fito kana kumbure-kumbure ne kamar an kore ka, na ce ba za ka haye teku da wannan fuskar ba. In kuma ka bari ya ji na faɗa, ni da kai ne."

Jirgi ya yi kuka daga gabas. Mutane suka tashi suna jan kaya, masu tallan dafaffen ƙwai da rake suka rugo. Baffa ya taya ni cusa akwatina ta ƙofa, na samu wuri a bakin taga, mutanen da ke kan bencin suka ɗan matsa mini suna tsaki. Har jirgi ya fara motsi sannan Baffa ya miƙo ƙullin nan ta taga.

Ya ce, "Wani ya ce a ba malamin makarantar nan. Bai ce in faɗi ko wane ne ba."

Na ɗora ƙullin a cinya na kwance tsumman. Kwanon Baba ne na ciyayya, mai ɗan lotsawa a murfi, wanda tun ina yaro ban taɓa ganin ya kwana a waje ba. A ciki akwai tuwo loma biyu da tsokar nama guda. Na mayar da murfin na riƙe shi da hannu biyu, na juya fuskata wajen taga. Ban iya ci ba sai da muka wuce Ringim.